Kunnen Inna da Labarin Auta

Ba rana ɗaya Inna ta daina ji ba. Abin ya faro ne tun shekarun da aka kawo shari'a, lokacin da makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita a unguwarmu a Daura. Ta shiga da ɗokinta, ta ɗinka sabon hijabi, ta yi wajen shekara biyu tana zuwa, sai kuma ta daina. Da na tambaye ta dalili, ta ce malamar ba ta buɗe baki in tana karatu. Can kuma ta ce rediyon Baba ya lalace. Daga nan sai ta fara amsa sallamar da ba a yi ba, wadda aka yi kuwa ta wuce ta. Kafin mu ankara, sai mutum ya tsaya a gabanta ya ɗaga murya, tana kallon bakinsa, sannan ta kama rabin maganar.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "malama" in tana jin zolaya, saboda ina koyarwa a firamare. Waɗanda suka biyo ni ba su rayu ba, sai na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta. Shekara goma sha huɗu na ba shi. Ni na goya shi, ni na fara kai shi makaranta, amma na Inna ne, kowa ya san haka. Ya koyi walda, ya iya sosai, da aikin ya yi ƙaranci a gari sai ya bi samarin da ke fita ta Kwangwalam zuwa Damagaram, su wuce Agadas, su shiga Libiya. Zuwansa na farko ya yi shekara biyu, ya dawo ya rufa wa Inna ɗakinta da kwano. Bayan babbar salla ya sake tafiya.

Inna ba ta jin waya. Don haka ni yake kira, ko ya turo mini saƙon murya in ya samu sabis. In na tashi daga makaranta sai in biya gida, in zauna kusa da ita, in faɗa mata abin da ya ce da ƙarfi a kunnenta na dama, wanda ya fi dama-dama. Duk da haka sai ta karɓi wayar ta manna a kunne, tana saurare.

"Me kike ji, Inna?"

"Kamar ƙudan zuma a cikin tulu," in ji ta. "Amma dai shi ne."

A shekarar da abin ya faru, Inna ta kwanta asibiti da hawan jini. Hannunta na hagu ya yi sanyi, bakinta ya ɗan karkace. Kwana tara muka yi aka sallame mu, likita ya ja kunnenmu cewa kada a bar wani abu ya ɗaga mata hankali. Kwananta huɗu a gida, ina cikin aji, aka ce Baba na nemana a ƙofar makaranta. Baba mai sayar da hatsi ne, ban taɓa ganin ya bar rumfarsa da hantsi ba. Na same shi tsaye jikin katanga, da wani baƙon mutum a gefensa, dogo, fuskarsa duk rana ta ƙona ta. Baba ya ce mutumin Mai'adua ne, tare suka taso da Auta daga can za su dawo gida. Motarsu ta kife tun kafin su iso Agadas. Auta na cikin mutum uku da suka rasu, kuma an binne su a can.

Ban san yadda na zauna a ƙasa ba. Baba ya bar ni na yi kukana, sannan ya durƙusa ya ce, "Kin ji abin da likita ya faɗa. In ta ji wannan yanzu, biyu za mu rasa. Mu bar ta ta yi sati biyu ta ƙara ƙarfi."

Na ce to. Ina son in faɗi wannan a fili, domin daga baya na sha ɗora wa Baba laifin a zuciyata. Bai tilasta mini ba. Kafin ya rufe baki na amince, har na ji wani sauƙi, don na san in za a faɗa mata, ni ce zan faɗa.

A gidana aka karɓi gaisuwa. Maza suka zauna da Baba da maigidana a zaure, mata suka shigo wurina. Aka roƙi maƙwabta su rufe bakinsu. Ba a sha wahala ba wajen ɓoyewar, kuma wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Mata za su shigo duba jikin Inna, su ɗaga murya su ce, "Ya ƙarfin jiki?" Ta amsa da fara'a. Sai ɗaya ta ɗan juya fuska ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da aka saba magana, "Allah sarki, baiwar Allah, ba ta san an binne shi ba." A gabanta, tabarma ɗaya suke zaune. Ita kuwa tana miƙo musu goro.

Ranar farko da ta tambaye ni ko Auta ya kira, na ce babu sabis a inda suke. Ta biyu ma haka. A ta uku ta ƙura mini ido, na ga damuwa ta fara sauka a fuskarta, sai na ji bakina ya ce, "Ya kira jiya. Yana gaishe ki."

"Me kika ce?"

Dole na maimaita. Wanda bai taɓa yi wa mai ciwon kunne ƙarya ba, bai san wannan ba: ba a yin ta a hankali. Sai ka cika ƙirji da iska ka faɗe ta da ƙarfi, sau biyu, wani lokaci sau uku. Baba na alwala a tsakar gida ya ji. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta ji, don na ji ta tsayar da dakanta.

Sati biyu suka wuce, Baba ya ce a ƙara ɗaya. Sannan jininta ya sake hawa. Sannan azumi ya zo, muka ce a bari a sha ruwa. Bayan salla kuma sai ya zama ba mutuwar kaɗai za a faɗa mata ba, har da watannin da muka yi muna gaishe ta da sunansa, kuma wannan ya fi ƙarfin bakin kowannenmu. Na koma ƙirƙiro labari. Auta ya sauya wurin aiki. Auta ya ce ana sanyi a can. Auta ya ce sai ya ɗan tara abin aure zai dawo. Ita kuma tana ba ni nata saƙon: ya riƙe salla, ya rage shan shayi, kada ya yarda da abokan banza. Wata rana ta daka yaji da hannunta mai lafiya, ta haɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ƙulle a leda, ta ce in nemi mai tafiya in ba shi. Na karɓa na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Wata biyu ɗakin yana ƙamshin daddawa.

Ana haka muka je wani suna a dangi. Cikin baƙin da suka zo daga Kano akwai wata dattijuwa, sa'ar Inna. Da za ta yi alwala ta zame ɗankwali, ta ciro wani ɗan abu daga bayan kowane kunne ta ajiye a cinyarta. Inna ta gani, ta matsa ta tambaya. Matar ta nuna mata, ta ce na'urar ji ce, a da ita ma sai an yi mata ihu, yanzu kuwa har da jikokinta na Legas take hira a waya. Na ga lokacin da maganar wayar ta shiga kunnen Inna, don matar ta faɗe ta da ƙarfi, har da kwatance da hannu.

Bayan kwana goma Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ina son irin abin nan na matar Kano. Na gaji da aike. Ina son in ji muryar Auta da kunnena."

Na ce abin da tsada.

"Na sani. Na aika wa masu kiwon karsanata a Mashi, sun sayar. Ke dai ki nemo mana inda ake yi."

Na samu Baba a rumfa na faɗa masa. Ya daɗe yana juya mudu a hannunsa, sannan ya ce, "Ki ce mata kin tambaya, an ce irin nata ba ya gyaruwa."

"Baba, mun hana ta ɗanta, mu kuma hana ta kunnenta?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Bai yi fushi ba. Ya ce, "To ki faɗa mata kafin ku tafi."

"Kai ne mijinta."

"Ke ce mai yi mata magana ta ji."

A nan muka tsaya. Shi bai faɗa ba, ni ban faɗa ba, ranar tafiya ta zo muka shiga mota.

A asibitin Kano wata matashiyar ma'aikaciya ce ta karɓe mu. Ta leƙa kunnuwan Inna da 'yar fitila, sannan ta shigar da ita wani ƙaramin ɗaki mai kaurin ƙofa, ta sa mata abin sauraro a kai, ta ce duk lokacin da ta ji ƙara, ko yaya take, ta ɗaga hannu. Ina kallonta ta gilashi. Ta zauna tsaf kamar mai jarrabawa, ta runtse ido. Ina ganin ma'aikaciyar na danna abu, hannun Inna na kan cinyarta bai motsa ba, sai can ya tashi. Da aka gama, aka ce mana jin ya ragu sosai a duka biyun, amma bai mutu ba, na'ura za ta taimaka. Aka ce mu dawo bayan sati biyu.

Sati biyun nan kullum sai na shirya maganar a hanya, in na shiga gida na gan ta tana lissafa kwanakin da suka rage da yatsu, sai in haɗiye.

Da muka koma, ma'aikaciyar ta buɗe wani ɗan akwati. Na ɗauka zan ga babban abu. Guda biyu ne, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba, ruwan toka. Daga jikin kowanne wata siririyar waya ta fito, kamar zaren kamun kifi, a ƙarshenta akwai ɗan kai mai hular roba. Ta yi mana bayani cewa ƙwallon yana zama a bayan kunne, shi ke ɗaukar sauti, wayar ta zagayo ta sama, ɗan kan kuma a tura shi cikin ramin kunne, shi ne mai maganar. Ta sa mata ɗaya, ta sa ɗayan, ta koma kan kwamfuta tana daidaitawa.

"Mama, kina ji na?" Ba ta ɗaga murya ba.

Inna ta zabura ta waiga bayanta, sannan ta dawo da ido kan yarinyar. "Ke ce kika yi magana?"

"Ni ce, Mama."

"Wannan kuma mene ne ke ta kaɗawa?"

"Fanka ce."

Inna ta ɗaga kai ta kalli fankar. Ta goga silifanta a ƙasa, ta saurara, ta sake gogawa. Ta ce, "Bismillahi," sai ta kama bakinta. "Haka muryata ta tsufa?" Muka yi dariya mu uku. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke, yi magana in ji."

Na ce, "Sannu, Inna."

Ta ƙura mini ido. "Ashe a hankali kike magana. Shekara nawa ina cewa a raina yarinyar nan faɗa ya zame mata hali."

Na fashe da kuka. Ma'aikaciyar ta miƙo mini hankici, ta ce ba komai, kusan kowa haka yake yi ranar farko, murna ce. Ta ci gaba da koya mana: a cire kafin alwala da wanka, a cire in za a kwanta, a riƙa goge hular robar da ɗan burushi don dattin kunne na toshe ta, ga yadda ake sauya batir. Ta ce kwanakin farko komai zai yi mata ƙara da yawa, ta riƙa sawa na 'yan awowi tana hutawa. Ta gyara mata ɗaurin ɗankwali don kada ya riƙa gogar na'urar.

A tasha hayaniya ta yi mata yawa, ta ce in cire mata. Na mayar da su akwati. Har muka wuce Kazaure akwatin na cikin tafin hannunta, ta rufe shi da gefen hijabi. Ni kuma ina kallon hanya, ina fatan motar ta lalace.

Mun iso gida bayan la'asar. Baba ya riga ya dawo daga kasuwa, abin da ba ya yi sai magariba ta kusa. Inna ta yi alwala ta yi salla, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ce in sa mata. Sai da na yi sau biyu kafin na dama ya zauna. Ta saurari kaji, ta saurari buta da Baba ya ajiye. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ina wuni?" Ya amsa daga inda yake tsaye, ta ji shi. Sannan ta miƙo mini hannu.

"To, kira mini shi."

Na ciro wayar na riƙe. Ban danna komai ba. Ta dube ni, ta dubi wayar.

"Ko babu sabis ɗin ne yau ma?"

Baba ya tako ya zo ya zauna a bakin tabarmar. Rabon da in ga ya zauna kusa da ita haka a gabana, na manta. Ya cire hularsa ya riƙe. Da muryarsa ta kullum, wadda ta yi shekaru ba ta ji ba sai ranar, ya ce, "Sai haƙuri. Auta Allah ya yi masa rasuwa."

Na so a ce ba ta ji ba, a ce sai an maimaita. Ta ji sarai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta faɗa sau uku. Sannan ta ce, "Yau?"

"A'a."

"Yaushe?"

"Wata goma sha ɗaya ke nan. Kina fitowa asibiti."

Ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma. Ina jiran ta faɗi, na riga na matso don in tare ta. Ba ta faɗi ba. Da ta ɗago, ni ta kalla.

"To wa ke gaishe ni duk wannan lokacin?"

"Ni ce, Inna."

"Sanyin da aka ce ana yi a can?"

"Ni ce."

"Yajin fa?"

"Yana ɗakina."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki, ta saki labule. Daga ciki muka ji kukanta, ba da ƙarfi ba. Na tashi zan bi ta, Baba ya riƙe mini hannu.

Washegari na kawo mai awon jini ya auna ta. Ya hau, amma ba kamar yadda muka ji tsoro ba. Abin da muka yi wata goma sha ɗaya muna gudu bai zo ba. Na yi hamdala, amma kunya ta hana ni haɗa ido da Baba, shi ma haka.

Abu biyu ta nema. Na farko, a sanar da mutane za ta karɓi gaisuwar ɗanta kwana uku a ɗakinta. Matan unguwa suka zo, waɗanda suka riga suka yi mini gaisuwa tun bara, suka zauna suna sunkuyar da kai. Wata ta manta, ta juya ta fara raɗa da ta gefenta, Inna ta ce, "Ina ji yanzu, ki faɗa da kowa."

Na biyu, a kira mata mutumin Mai'adua. Ya zo a kan babur rana ta uku da hantsi. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya yi mata gaisuwa, ta ce ya matso, na'urar ba ta son nesa. Ta ce ya ba ta labari tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ya ce tayar gaba ce ta fashe, motar cike da mutane da kaya, ta kife a kan yashi. Auta bai rasu nan take ba, ya kai wajen azahar. Sun yi masa inuwa da bargo.

"Ya sha ruwa?"

"Ya sha, Inna. Ni na ba shi."

"An yi masa wanka?"

"Ruwan bai isa ba. Taimama muka yi musu, su ukun. Muka yi musu salla, akwai wani malami a cikinmu. Muka haƙa da hannu da murfin tukunya, muka jera duwatsu a kai."

Sannan ta ce, "Ya ambace ni?"

Na kafe mutumin da ido, ina roƙonsa a raina ya ce e. Ya kalli ƙasa ya ce, "Gaskiya, Inna, ban ji ba. Salati kawai yake ta yi har ya yi shiru."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka. Ka faɗa mini yadda abin yake."

Ta sa aka zuba masa fura, ta raka shi da addu'a har ya tada babur.

Bayan wannan, wajen wata biyu, tsakanina da Inna gaisuwa ce kawai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. In na gaishe ta za ta amsa, ta tambayi yara, shi ke nan. Amma hannunta na hagu ba ya iya ƙananan abubuwa, Baba kuma idonsa ba ya ganin ɗan murfin batirin. Don haka duk bayan 'yan kwanaki sai in zauna dab da ita, in ciro na'urar, in goge hular robar, in sauya batir, in ɗaga gefen ɗankwalinta in mayar mata. Fuskata kusa da tata, ina jin numfashinta, ba mai cewa komai. In na gama ta ce, "Madalla," in tashi.

Akwai tsofaffin saƙonnin Auta a wayata, guda bakwai, na kafin rasuwarsa. Ban goge su ba, ban kuma iya sauraronsu ba. Na daɗe ina tunanin ko in faɗa mata, ina tsoron kada in ƙara mata ciwo. Sai na lura wannan tunanin ne dai ya kai ni inda nake. Wata Asabar da safe, bayan na mayar mata da na'urar, na ce, "Inna, akwai muryarsa a wayata. In kina so."

Ta ce, "Kunna."

Na sa a lasifika na ajiye a kan cinyarta. Muryarsa ta fito da ƙarar injin walda a bayansa. "Yaya, ina wuni, ya yara. Ki gaida Inna, ki ce mata takalmin da ta ce in sayo wa Baba na samu, amma lamba arba'in da uku ne, in ya yi masa yawa ya cusa tsumma." Sai dariyarsa.

Inna ta dafa ƙirji. Yana ɗan shekara goma sha uku kunnenta ya fara tafiya. Ba ta taɓa jin muryarsa ta girma sosai ba, sai ranar.

"Muryar Malam ce," ta ce, "lokacin da aka kawo ni gidan nan. Sake kunnawa."

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A na shida babu dariya. Ya ce, "Yaya, wallahi na gaji da ƙasar nan. Jiya an tare mu an ƙwace mana wayoyi, wannan ta aro ce. Ni dai gida nake so. Kada ki faɗa wa Inna."

Ta ɗago ta dube ni. "Wannan me kika ce mini a lokacin?"

"Na ce yana lafiya, aiki na tafiya."

"Har shi ma," ta ce. Ta sa na tura saƙonnin a wata ƙaramar waya da Baba ya saya mata, ta koyi inda ake dannawa. Ban san sau nawa take saurara ba, ban tambaya ba.

A hankali hira ta dawo tsakaninmu. Ta koma zolayata da malama. Ta ji kukan jikarta ta ƙarshe ranar da aka haife ta, ta ce wannan za ta yi baki. Wata rana ina tsefe mata kai, na tattara ƙarfin hali na ce ta yafe mini.

"Na yafe miki tuntuni," ta ce. "Ke da Malam duka. Na san tsoro ne. Abin da na kasa shi ne, in kin faɗa mini magana, sai na tsaya ina juya ta. Ba da gangan nake yi ba."

Na ga gaskiyar haka bayan shekara uku, da Baba ya kwanta. Ciwon ciki ne da ya daɗe yana ɓoyewa. Ni na kai shi asibiti, na dawo gida da rana ɗaukar abinci. Inna ta tambaye ni jikinsa, na ce da sauƙi. Kuma a lokacin da gaske na ɗauka da sauƙin, don ya sha kunu ya yi magana. Ta dube ni kawai, ta shiga ɗaki, ta fito da hijabinta da 'yar jakarta.

"Mu je."

"Inna, rana ta yi zafi, ki bari sai yamma."

"Mu je."

Mun isa ana zagayen marasa lafiya. Likitan ya duba takardun Baba, ya ga tsohuwa zaune a bakin gado, sai ya yafito ni gefe, ya sassauta murya, ya fara yi mini bayani da Turanci. Inna ta taso da sandarta ta tsaya a tsakaninmu. Ta ɗaga gefen hijabinta ta nuna masa bayan kunnenta.

"Likita, ni ce matarsa. Ni za ka faɗa wa, da Hausa. Ina ji."

Ya dube ni. Na ce, "Faɗa mata."

Ya jawo mata kujera, ya zauna a gabanta, ya faɗa mata cewa ciwon ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, abin da za su iya shi ne su rage masa zafi. Ta tambaye shi kamar kwana nawa. Ya ce wannan sanin Allah ne, amma ba ya jin zai daɗe. Ta yi masa godiya, ta koma bakin gadon. Baba ya buɗe ido ya tambaye ta abin da likita ya ce, ta faɗa masa duka.

Kwana tara ya ƙara. Ba ta koma gida ba ko sau ɗaya, ni ke kai da kawo da abinci da kayan sawa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai a kwanakin ƙarshe, har ni sai na sunkuya nake jin sa, ita kuwa ta jawo kujerarta ta kara kunnenta na dama kusa da bakinsa, suna ta maganarsu. Ban san me suke cewa ba. Ranar da ya cika, da hantsi ne, na fita sayo ruwan zafi a bakin ƙofar asibiti. Da na dawo na tarar ta rufe masa ido, ta ja masa zane, tana zaune tana jirana. Ita ce ta faɗa mini.